Jihohin Amurka da gwajin laimar kwaɗi a kan masu ciwon damuwa: me kuka gani?

Ɗan Houston:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Na kawo muku wata magana ne da ta daɗe tana yawo a majalisun jihohi a nan Amurka, tunda Allah ya haɗa mu da ma'aikatan lafiya da lauyoyi da malamai wuri guda. Akwai wata irin laimar kwaɗi mai sinadarin da ake kira silosaibin. Wanda ya ci ta yakan shiga gane-gane da jiye-jiye na awa huɗu zuwa shida. Tun 1970 dokar tarayya ta sa sinadarin a rukunin farko na haramtattun ƙwayoyi, sahu ɗaya da hiroyin, ma'ana hukuma ta ce ba shi da wani amfani a asibiti.

To amma a 2021 majalisar Texas, jihar da kowa ya san ba ta wasa da masu ƙwaya, ta yi doka cewa hukumar lafiya ta jiha ta haɗa kai da kwalejin likitanci ta Baylor da asibitin tsofaffin sojoji, a gwada shi a kan sojojin da suka dawo daga yaƙi da ciwon firgici. Tsohon gwamna Rick Perry, ɗan Rifablikan, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata. Gwamna Abbott bai sa hannu ba, bai kuma hau kujerar na-ƙi ba, sai ta zama doka haka nan. Bayan nan Arizona ta ware dala miliyan 5 a 2023, Indiana ta buɗe asusun bincike a 2024. Me kuka gani?

Alhaji Mai Goro:
Wa alaikumus salam. Yaro, abin da na gani shi ne ana son naɗa wa maye rawani. Ai haka aka faro da tabar wiwi. Kalifoniya ta ce ta marasa lafiya ce a 1996, zuwa 2016 ta sakar wa duk wani baligi. Kullum da sunan majinyaci ake buɗe ƙofar, masu shaye-shaye su biyo baya. Kuma ni na san mai gane-gane. Wanda ya taɓa ganin yaron da ya sha zaƙami yana tsince-tsince a bola ba zai kira wannan magani ba.

Anti Famasi:
Baba Alhaji, ranka ya daɗe, tsoronka kan tarihin wiwi yana da tushe, ba zan musa ba. Amma zaƙami daban, wannan daban. Abin da ke cikin zaƙami atrofin ne da sikofolamin, suna busar da jiki, su sa zuciya gudu, su ruɗa mutum har bai san inda yake ba, kuma tsakanin abin da zai bugar da abin da zai kashe babu nisa. Silosaibin kuwa in ya shiga jiki yana komawa silosin, ya je ya kama wata mashigar serotonin, wani sinadarin isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, wadda ake kira 5-HT2A. Galibi mutum ya san inda yake, ya san an ba shi magani, kuma yana tuna abin da ya gani bayan ya sake shi. Ba ya cikin ƙwayoyin da ke kama jiki irin na taramol, in ma an maimaita washegari ƙarfinsa raguwa yake sosai. Haɗarinsa yana wani wurin ne, zan zo kansa.

Barista H.:
Kafin Anti ta ci gaba, bari in gyara wani abu a yadda ƙanena na Houston ya shimfiɗa maganar, don nan ake yawan zamewa. Jiha ba ta da ikon "ba da izinin" gwajin wannan sinadari ita kaɗai. Mai binciken da zai ba ɗan adam ƙwayar rukunin farko sai ya samu amincewar hukumar abinci da magunguna ta tarayya, FDA, ya samu rajista daga hukumar yaƙi da ƙwayoyi, DEA, sannan kwamitin ɗa'a na jami'arsa ya duba. Wannan hanya a buɗe take tun kafin Texas ta motsa. Jami'ar Johns Hopkins ta fitar da bincikenta na farko a 2006, ƙarƙashin Roland Griffiths, babu wata dokar jiha ta musamman da ta jira.

Abin da dokar Texas da ta Arizona da ta Indiana suka yi shi ne kuɗi da rufin asiri. Gwamnatin tarayya ta yi shekaru da dama ba ta sakin kuɗi don gwada irin waɗannan a matsayin magani, mafi yawan aikin da masu hannu da shuni aka yi shi. Cibiyar da Johns Hopkins ta buɗe a 2019 ma da gudummawar dala miliyan 17 ta masu zaman kansu ce. Jiha in ta ce ga kuɗi, ga jami'armu, shugaban jami'a ya daina tsoron a ce makarantarsa na raba ƙwaya.

Ɗan Houston:
Na gane, Barista. To amma Oregon fa? Can ai mutane na zuwa su biya su sha.

Barista H.:
Yawwa, Oregon wata duniya ce, kada a haɗa. Can ba 'yan majalisa ne suka yi ba, ƙuri'ar jama'a ce a Nuwamban 2020, ta ci da kusan kashi 56 cikin ɗari. Kuma ba gwaji ba ne sam. Duk wanda ya kai shekara 21 zai iya zuwa cibiya mai lasisi, ba a neman takardar likita, ba a neman a ce yana da wani ciwo. Cibiyoyin sun fara aiki a 2023. Mai zama da kai ba dole ne ya zama likita ko nas ba, takardar gama sakandare da horon awa 160 sun isa. Colorado ta bi sahu da ƙuri'a a 2022. Waɗannan biyun a idon dokar tarayya har yau laifi suke aikatawa, kawai Washington ta kau da kai ne kamar yadda ta yi da shagunan wiwi.

Alhaji Mai Goro:
To ka ji. Barista da bakinka ka gaskata ni.

Barista H.:
Rabi dai, Baba. Sauran rabin shi ne ba kowace jiha ce ta yarda ba. Gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, ya ƙi sa hannu kan dokar cire hukunci a 2023. Gwamnar Arizona, Katie Hobbs, wadda jiharta ta ba da miliyan 5 ɗin bincike, ita ce ta ƙi dokar buɗe cibiyoyi irin na Oregon a 2024, ta ce hujja ba ta kai ba tukuna. Mutanen Massachusetts, da ake yi wa kallon masu sassauci, sun kada ƙuri'ar a'a a Nuwamban 2024. Kenan akwai masu cewa a bincika amma kada a sayar, kuma ni a nan nake.

Maman Ilham:
Ni nas ce a sashen masu taɓin hankali, don haka zan yi magana daga bakin gado. Baba Alhaji, da ka ga mai ciwon damuwa na gaske, irin wanda ya sha magani kala biyu, kala uku, babu canji, da ba ka yi saurin rufe ƙofa ba. Mace ce za ta daina wanka, ta daina ci, jaririnta na kuka tana kallon bango. Dangi su ce aljanu ne, a zagaya gidajen masu magani, sai abu ya ci tura a kawo mana. Magungunan da muke da su, su amitiriftilin da fuloksetin, suna taimakon mutane da yawa, amma sai an yi sati huɗu zuwa shida kafin a ga alama, kuma kusan ɗaya cikin uku ba sa samun sauƙi ko an canza musu. Waɗannan ɗaya cikin ukun nake so a tambaya kafin a yanke hukunci.

Amma Anti, ki faɗa mana gaskiya, me gwaje-gwajen suka nuna? Don a TikTok ji ake kamar sha ɗaya warkewa har abada.

Anti Famasi:
'Yar uwa, bari in ba ki lambobin ki auna da kanki.

Gwaji mafi girma a zagaye na biyu, cikin zagaye ukun da ake gwada sabon magani a kan mutane, shi ne na kamfanin Compass Pathways, wanda ya fito a 2022. Mutum 233 ne, duk masu damuwar da ta ƙi jin magani. An raba su uku, wasu aka ba su miligiram 25, wasu 10, wasu 1 kacal don a samu abin kwatance. Sha ɗaya tak, a ɗaki, da masu kula a gefe. Bayan sati uku, kashi 29 cikin ɗari na 'yan 25 alamun ciwon sun kwanta, a 'yan 1 kuwa kashi 8. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da komai ya gagara. To amma zuwa sati goma sha biyu, waɗanda sauƙin ya ɗore musu a rukunin 25 kusan ɗaya cikin biyar ne kawai. Kuma kashi 77 na mahalarta sun samu wata matsala, yawanci ciwon kai, tashin zuciya, jiri. Tunanin kashe kai ko cutar da kai ya bayyana a duk rukunan uku, kuma mutum uku a rukunin 25 sun nuna halayyar neman kashe kai.

Sai zagaye na uku, wanda kamfanin ya sanar da sakamakon farko a Yunin 2025, mutum 258. Ana auna damuwa da ma'auni mai tafiya daga 0 zuwa 60. Bambancin da ke tsakanin masu silosaibin da masu ƙwayar wofi maki 3.6 ne bayan sati shida. A lissafi ya tsallake, amma hannun jarin kamfanin faɗuwa ya yi ranar, don masu kuɗi sun sa ran fiye da haka.

Akwai kuma na kwalejin Imperial ta Landan a 2021, inda aka gwama shi kai tsaye da esitalofiram, maganin damuwa na yau da kullum, a kan mutum 59. A babban ma'aunin da suka zaɓa tun farko, babu bambancin da za a kafa hujja da shi.

Ra'ayina: akwai wani abu a wurin, ba tatsuniya ba ce. Amma bai kai girman tallar da ake masa ba.

Ɗan Damagaram:
Anti, ni ban yi karatun likita ba, amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. An ce a gwaji majinyaci bai kamata ya san ko maganin gaske aka ba shi ko na wofi ba. To wanda ya ga bango na numfashi awa shida, yaya za a yi bai sani ba?

Anti Famasi:
Ƙanena, Allah ya yi maka albarka, ka taɓa inda ke ciwo. Wannan ita ce babbar matsalar fagen gaba ɗaya. A gwajin da jami'ar New York ta yi kan mashaya giya, wanda ya fito a 2022, sama da kashi 90 na mahalarta sun canki abin da aka ba su daidai. Ka duba mutumin da ya karanta labaran yabo, ya yi ta fafutukar shiga gwaji, ya kwanta ya jira, awa biyu shiru babu komai. Ya san na wofi ya samu. Zai tashi da ɓacin rai, makinsa ya ƙara lalacewa. Ɗan uwansa kuma da ya ga abin mamaki zai tashi yana jin an cece shi. Ciwon damuwa kuwa da baki ake auna shi, ana tambaya kana amsawa, babu gwajin jini. Don haka wani kaso na bambancin daga tsammani yake fitowa, kuma raba shi da aikin sinadarin aiki ne ja wur. Shi ya sa a zagaye na biyu Compass suka yi dabarar ba da miligiram 1 da 10 maimakon ƙwayar wofi zalla.

Wannan matsalar na cikin abin da ya kayar da MDMA, wata ƙwayar rukunin farko da ita ma aka gwada a matsayin magani. Kamfanin Lykos ya nemi amincewa don ciwon firgici, kwamitin masana ya kada ƙuri'a 9 da 2 cewa ba a nuna yana aiki ba, FDA ta ƙi a Agustan 2024. Kowa a fagen ya ɗauka an gama, sai ga shi an ce su sake gwaji.

Malam Na Zaure:
Bismillah. Ina karantawa tun ɗazu. Zan faɗi abin da ke littattafanmu, ba fatawa nake bayarwa ba, wannan ta manya ce.

Hadisi a bayyane yake, duk mai sa maye haramun ne, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Wanda zai ci wannan laima don nishaɗi ko don ya ga abin da bai taɓa gani ba, babu wata muhawara a kansa. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun rarrabe abubuwan da ke taɓa hankali. Imamu Ƙarafi ya kasa su uku: mai bugarwa da ke zuwa da nishaɗi da jin ƙarfi irin giya, mai ɓata hankali ba tare da wannan ba, da mai kwantarwa da ke ɗauke ji da gani gaba ɗaya. Haddi da najasa da haramcin ɗan kaɗan ya keɓe su ga na farko. Ta wannan ƙofa aka halatta banju don tiyata, ana gusar da hankalin mutum awanni don a ceci ransa.

To tambayoyin da mai fatawa zai yi su ne: likita amintacce ya tabbatar da amfani? Babu wani halastaccen magani da zai wadatar? Gwargwadon larura aka tsaya? Daga abin da Anti Famasi ta kawo, ta farko ma ba a gama amsa ta ba.

Alhaji Mai Goro:
Allah ya gafarta Malam, banju ai barci yake sa mutum, aikin wuƙar likita ce. Nan kuwa mayen kansa ake cewa shi ne maganin.

Malam Na Zaure:
Wannan bambanci ne mai ƙarfi, Alhaji, kuma shi ya sa ban ce ƙiyasin ya zauna daram ba.

Anti Famasi:
Baba, masu binciken ma a kan wannan suke rabuwa. Wasu na cewa abin da mutum ya gani ya ji shi ne maganin, don a wasu gwaje-gwajen waɗanda abin ya fi ratsawa su suka fi samun sauƙi. Wasu na cewa a'a, sinadarin yana sa jijiyoyin ƙwaƙwalwa fitar da sababbin rassa ne, an ga haka a ɓeraye, gane-ganen rakiya ce kawai. Akwai masu ƙoƙarin ƙera irinsa marar gane-gane. In suka dace, matsalar Malam da ta ƙanena na Damagaram duk sun warware lokaci guda.

Na yi alkawarin faɗin haɗari. Duk waɗannan gwaje-gwajen tace mutane suke yi. Wanda shi ko wani na kusa a danginsa ya taɓa samun sikizofiriniya ko ciwon bayifola, manyan cututtukan taɓin hankali, yawanci ba a ɗaukarsa, don sinadarin na iya tayar da abin da ke kwance. Mai shan litiyam, maganin bayifola, na iya samun farfaɗiya, Oregon ma da sassaucinta ta hana su. Yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci. Wasu kuma firgici suke shiga mai tsanani, shi ya sa ba a barin mutum shi kaɗai. A Oktoban 2023 wani matuƙin jirgi da ba ya bakin aiki, yana zaune a ɗakin matuƙa a wani jirgi da ya tashi daga jihar Washington, ya yi yunƙurin kashe injinan a sama. Ya ce ya ci laimar kwana biyu kafin nan, bai yi barci ba, ya ɗauka mafarki yake. Kyawawan lambobin gwaji na mutanen da aka tace ne, ba na duk wanda ya shigo daga titi ba.

Maman Ilham:
Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman. An ce mutum biyu ke zama da majinyaci awa shida zuwa takwas, ban da zaman shiri kafin nan da na tattaunawa bayan nan. Yaya na Houston, nawa ake biya a Oregon?

Ɗan Houston:
Ya danganta da cibiya, amma daga wajen dala dubu ɗaya zuwa dubu uku ake maganar zama ɗaya, kuma inshora ba ta biya. Da yawan masu zuwa ma daga wasu jihohi suke. Tsohon sojan da ake ɗaga hotonsa a majalisa ba lalle ne shi ke iya biya ba. Amma kada a raina dalilin da ya sa 'yan siyasa ke jin maganar sojoji: sama da tsofaffin sojoji dubu shida ke kashe kansu kowace shekara a ƙasar nan. Ɗan majalisar da ba zai saurari ɗan shaye-shaye ba zai saurari matar sojan da ta binne mijinta. Texas ɗin ma ta ƙara gaba, a 2025 ta ware dala miliyan 50 don gwajin ibogen, wani sinadarin gane-gane da ake samu daga saiwar wani itace na dazukan Gabon da Kamaru.

Ɗan Damagaram:
Kenan daga wajenmu za a kwasa a je a yi rajista a dawo mana da shi da tsada.

Barista H.:
Ita laimar ma haka tarihinta yake. Mutanen Mazatek na jihar Oaxaca a Meziko sun daɗe suna amfani da ita a al'adarsu. A 1955 wani ma'aikacin banki daga New York, Gordon Wasson, ya je garin Huautla wajen wata mai magani, María Sabina. Ya buga labarin a mujallar Life a 1957. Shekara ɗaya bayan nan Albert Hofmann ya ware sinadarin a kamfanin Sandoz na Suwizalan. Baƙi suka cika garin, 'yan sanda suka biyo su, mutanen gari suka ɗora mata laifi har aka ƙona gidanta. Ta rasu a 1985 cikin talauci. Yau kamfanoni na rajistar mallakar siffar sinadarin.

Alhaji Mai Goro:
Ni dai kalmar "gwaji" kanta ba ta yi mini daɗi. Mu Kanawa mun ga gwaji. A 1996 lokacin sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan da yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, kusan rabinsu aka ba shi, 11 cikin 200 ɗin suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake ba. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha kan dala miliyan 75, kamfanin bai ma amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Anti Famasi:
Baba, ba wanda zai ce ka manta. Har rigakafin shan inna abin ya shafa a 2003. Amma abin da aka yi kuka da shi a Kano rashin sanarwa ne da rashin sa ido. Ni in za a ba ɗan adam wannan sinadari, na fi son a ba shi inda ya sa hannu bayan an karanta masa haɗari, inda akwai kwamitin da zai iya dakatar da aikin, inda dole a rubuta duk wanda abin ya cutar. Cibiyar da ake biyan kuɗi a shiga, in mutum ya koma gida ya rikice bayan wata guda, wa zai ƙirga shi? Shi ya sa nake ganin dokar Texas da Indiana ta fi ta Oregon mutunci, ko da ta fi ta jinkiri.

Maman Ilham:
To wata jiha a Najeriya za ta iya yin irin ta Texas?

Barista H.:
A'a, Hajiya. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa magunguna da guba a jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Marigayi gwamna Akeredolu na Ondo ya yi ta kiran a bari a noma wiwi don magani tun 2019, bai iya yi da kansa ba saboda wannan. Gwajin magani kuma hurumin NAFDAC ne da kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa. Ga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 wadda ta sa silosaibin a rukuni mafi tsauri, ko da yake ta bar ƙofar bincike da likitanci ƙarƙashin sa ido. Ta nan Ostareliya ta bi, daga Yulin 2023 ta yarda wasu zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa su rubuta shi ga damuwar da ta ƙi magani.

Maman Ilham:
Gara haka, wallahi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa sai Janairun 2023 aka sa mata hannu, kafin nan da ta 1958 muke aiki. Ranar asibiti mutum ɗari na layi, ina za mu samu ma'aikaci biyu da za su zauna da mutum ɗaya yini guda? Ga kodin da sai da aka hana a 2018, ga taramol. Abin da ke ba ni tsoro shi ne labarin ya riga tsarin isowa. Yaro ya ga bidiyo an ce Amurka ta halatta, ya fita bayan ruwan sama ya tsinko laima a juji.

Anti Famasi:
Wannan kuwa kisa ne kai tsaye. Akwai laimomin da ke lalata hanta, mutum ya yi amai da gudawa, ya ji sauƙi kwana ɗaya, sannan hantar ta tsaya. Da ido ba kowa ke rarrabewa ba. Abin da Compass ke bayarwa ma a ɗakin gwaji aka haɗa shi, an auna shi da miligiram. Arizona ce ta nace a gwada laimar kanta, ita ma nomawa ake ƙarƙashin lasisin tarayya ana auna ƙarfinta.

Ɗan Houston:
Barista, saura New Mexico. Na ji an ce ita ta raba gardama.

Barista H.:
Ta tsaya a tsakiya ne. A Afrilun 2025 gwamna Michelle Lujan Grisham ta sa hannu, kuma ta majalisa aka bi, ba ƙuri'ar jama'a ba. Sai mai ciwon da aka lissafa: damuwar da ta ƙi magani, ciwon firgici, jarabar shaye-shaye, da kulawar ƙarshen rayuwa. Ma'aikacin lafiya ne zai bayar, kuma an ba ma'aikatar lafiya zuwa ƙarshen 2027 ta kammala tsari. Utah ta yi ƙaramin irinsa a 2024, ta keɓe shi ga manyan asibitocinta biyu. Ya fi Oregon tsari nesa ba kusa ba. Amma duk da haka 'yan majalisa ne suka rubuta sunayen cututtukan da maganin ke yi wa aiki tun hukumar magunguna ba ta amince da shi ba. A ciwon firgici ma, wanda da shi aka fi tallata dokokin, hujjar silosaibin ba ta kai ta ɓangaren damuwa ba.

Alhaji Mai Goro:
To ni in a asibiti ne, likita na tsaye, an rubuta komai, kuma malamai sun duba, ba zan tare hanya ba. Amma ku rubuta ku ajiye, shagon zai biyo baya.

Malam Na Zaure:
Alhaji ya sauko taki ɗaya, a rubuta wannan ma.

Barista H.:
Akwai wata dabara kuma da ba mu taɓo ba. Colorado ta yi wata doka a 2025 mai cewa ranar da FDA ta amince da silosaibin na ɗakin gwaji, tarayya kuma ta sauya masa rukuni, likitocin jihar na iya rubuta shi nan take ba sai an koma majalisa ba. In hakan ta faru, jiha ɗaya za ta zama da hanya biyu: ƙwayar kamfani a asibiti wadda inshora ka iya biya, da laimar cibiya wadda mutum zai biya daga aljihunsa.

Maman Ilham:
Inshorar za ta biya ƙwayar, na yarda. Awa takwas ɗin ma'aikata biyu fa, ita ma za ta biya?

Anti Famasi:
A esketamin, maganin damuwa na shaƙa da aka amince da shi a 2019, awa biyu kawai ake tsare majinyaci bayan ya shaƙa, kuma a kan kuɗin wannan awa biyun asibitoci sun sha jan-in-ja da kamfanonin inshora. Na takwas kam sai mun gani.